Filin Tambaya da Amsa: Koyon Yoga a Cikin Ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ce, ina ɗinki a gida a unguwar Gwammaja, shekaruna 38 da 'ya'ya huɗu. Idan sallah ta matso nakan wuni a kan keke tun daga hantsi har bayan isha'i, kuma yau wajen shekara biyu ke nan ƙuguna da wuyana suna ciwo. 'Yata ta nuna mini bidiyon yoga, wato motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, a YouTube, na riƙa bin matar da ke ciki, har ta kai inda ta jingina da kafaɗa ta ɗaga ƙafafunta sama, ni ma na yi, sai da na kwana uku ba na iya waiwaye. Shin mutum zai iya koyon abin nan shi kaɗai a gida? Sannan maƙwabciyata ta ce bautar Indiyawa ce, na rasa yadda zan yi. (Mai karatu daga Gwammaja)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ana iya koyo a gida, amma ba ta ƙofar da kika shiga ba. Matar da kika gani ta yi shekaru tana horar da jikinta kafin ta tsaya gaban kyamara, ke kuwa kin ɗauki nauyin jiki gaba ɗaya kin aza shi a kan ƙasusuwa bakwai na wuya, waɗanda dama sun gaji da sunkuyon ɗinki. Wanda yake koyo a aji yana da malamin da zai ga ya karkace ya ce masa ya dakata, amma wayar da ke jingine da bango ba ta ganin kowa. Saboda haka ki cire tsayuwa da ka da tsayuwa da kafaɗa daga lissafinki, ko da an rubuta a kan bidiyon cewa na masu farawa ne.

Ciwon da ya kai shekara biyu ya cancanci a duba shi kafin a fara komai. Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa da ku, kuma akwai sashen gashin ƙashi a can, haka ma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan ciwon yana sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa kamar an daɗe a zaune a kanta, ko ƙarfinta ya ragu, ki fara da asibiti. Idan kuwa riƙe fitsari ko bayan gida ya fara gagara, wannan ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne. Amma idan likita ya ce sagewar tsoka ce irin ta dogon zama, to motsa jiki na cikin maganinsa, kuma a shekarar 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da ake fara gwadawa ga ciwon ƙugu mai daɗewa kafin a koma ga ƙwayoyi.

Kayan aiki ba su da yawa. Abin da ake nema shi ne shimfiɗar da ba ta santsi, domin tabarmar roba a kan tayil tana zamewa, katifa kuma ta yi laushin da zai sa wuyan hannu ya nutse. Kafet ya isa, ko bargo da aka ninka biyu a kan siminti. Ki sa wando mai yalwa maimakon zani, ki ajiye matashi ɗaya a kusa, kuma ɗankwalinki zai yi aikin igiyar yoga da ake sayarwa da tsada. Akwai ma wata gata da muke da ita wadda ba kasafai muke lura da ita ba: mu da muka tashi muna harɗe ƙafa a tabarma muna cin tuwo, zaman da Bature ke shafe watanni yana koyo a ajin yoga tun muna yara muka iya shi.

Ga abin da nake ba ki shawarar ki tsaya a kansa na wata guda cur. Ki fara da durƙusawa kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Idan kin shaƙi iska sai ki saki ciki ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, ki dubi gabanki kaɗan ba tare da kin karya wuya baya ba. Idan kin fitar da iskar sai ki turo gadon baya sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas a hankali ya isa, kuma a kwanakin farko za ki ji wani wuri a tsakiyar baya da ya ƙi motsi, kamar allo aka manna. Wannan wurin ne keke ya daskarar, shi ne kuma ake lallaɓawa. Daga nan ki koma baya ki zauna a kan dunduniya, ki miƙa hannuwa gaba, goshi a kan matashi, ki yi numfashi biyar kina jin haƙarƙarinki na baya suna buɗewa.

Sai ki juya rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗaga ƙugu har cinya da ciki su daidaita, ki riƙe na numfashi uku ki sauke a hankali, sau biyar. Wannan yana ƙarfafa tsokar mazaunai da ta bayan cinya, waɗanda dogon zama ke raunanawa har ƙugu ya riƙa ɗaukar aikin da ba nasa ba. Bayan haka ki miƙe ƙafa ɗaya sama, ki rataya ɗankwali a tafinta, ki ja kaɗan har ki ji jan tsoka a bayan cinya, ɗayar ƙafar tana lanƙwashe. A ƙarshe ki kwanta shiru na minti uku, matashi ƙarƙashin gwiwa. Duka ba zai wuce minti 15 ba, kuma yin sa sau huɗu a mako ya fi a yi awa guda ranar Juma'a a manta da shi.

Ma'aunin da zai tsaya miki a madadin malami shi ne numfashi. Ki riƙa shaƙa ta hanci ki fitar ta hanci, fitarwar ta ɗan fi shaƙar tsawo, misali ki ƙirga huɗu a shiga, shida a fita. Duk lokacin da kika tarar kin riƙe numfashi ko kin cije haƙora, kin wuce iyakarki, sai ki ja baya. Jan tsoka mai faɗi wanda ke lafawa idan an daɗe abu ne mai kyau, amma suka kamar ta allura a gwiwa, wuya ko ƙashin baya umarni ne na a tsaya nan take. Kuma kada ki sa ran minti 15 na safe zai goge awa goma na kan keke; ki riƙa tashi duk bayan rabin awa ko da zuwa randa ne, ki kuma duba tsayin kujerarki, domin teloli da yawa suna ɗinki a kan kujerar da ta yi musu gajarta.

Maganar maƙwabciyarki kuwa ba ta rasa tushe ba, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Yoga ta fito ne daga Indiya, kalmar daga harshen Sanskirit take, kuma ta girma a cikin addinan can, musamman na Hindu. Har yau a wasu azuzuwa ana rera kalmar "Om" da wasu addu'o'insu, akwai kuma jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, wanda ma'anarsa gaisuwa ga rana. A gefe guda kuma, abin da ya yaɗu a duniya a ƙarnin da ya wuce galibi miƙa jiki ne da sarrafa numfashi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga tun daga 2015. Malaman Musulunci sun tattauna batun: majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008 saboda abubuwan bautar da ke ciki, majalisar malaman Indunusiya a 2009 ta haramta wadda ake rera addu'o'in Hindu a cikinta ta kuma bar wadda motsa jiki ce zalla, Saudiyya kuwa ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Fatawa aikin malamai ne, don haka ki je wa malamarku ta Islamiyya, ki nuna mata ainihin motsin da kike yi maimakon ki faɗa mata sunan kawai. Abin da na lissafa miki a sama babu rerawa a cikinsa, babu fuskantar rana, kuma yawancinsa masu gashin ƙashi na koya wa marasa lafiya ba tare da sun ambaci yoga ba.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 57, ina shan maganin hawan jini. Ɗana ya ce yoga tana sauke jini, har zan iya barin ƙwaya. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Fagge)

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma a wannan kada ka bi ta yaron. Numfashi a hankali da motsa jiki na yau da kullum suna taimakawa jini ya ɗan sauka, sai dai taimako ne a kan magani, kuma likitan da ya rubuta ƙwayar shi kaɗai ke da ikon rage ta bayan ya ga awo. Ka guji duk motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji na dogon lokaci, ka guji riƙe numfashi, haka ma wanda ke da hawan jinin ido. Idan ka tashi daga kwance ka fara juyawa gefe ka zauna tukuna, domin wasu magungunan hawan jini kan kawo jiri idan aka miƙe da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma yoga mai laushi ba za ta cike wannan ita kaɗai ba. Tafiya da ɗan sauri daga Fagge zuwa kasuwa da safe, maimakon hawa adaidaita, za ta cike maka kaso mai yawa.

TAMBAYA: Wane lokaci ya fi dacewa, musamman da zafi ko da azumi? (Ɗaliba daga Kabuga)

AMSA: Bayan sallar asuba, kafin a karya, shi ne lokacin da ya fi dacewa da Kano, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke kaiwa digiri 40. Idan an ci abinci mai nauyi a jira awa biyu zuwa uku. Da hunturu jiki yakan sage da safe, sai a ɗan zagaya tsakar gida tukuna, a kuma rufe taga saboda ƙura. Da azumi kuwa a rage tsawon lokacin, a yi shi bayan asham idan cikin ya sauka kuma an sha ruwa sosai.