Amsa ga telan da ke son komawa karatu yana da shekara 42

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kai tela ne, shekararka 42, ka yi nisa a makarantar allo amma boko a aji huɗu na firamare ka tsaya. Kana haɗa baƙin Hausa a hankali, Turanci kuwa babu. Burinka ka riƙa rubuta awo da lissafin shago da hannunka, in hali ya yi har ka mallaki takardar sakandare, sai dai kana tsoron girma ya hana kai ɗauka.

Shekaru ba za su hana ka ba. Abubuwa uku ne ke kayar da manya a aji: idon da ba a gwada ba, fara Turanci tun Hausa ba ta zauna ba, da yanke karatu na tsawon makonni.

Fara da ido, tun kafin ka sayi littafi. Daga shekara 40 ganin kusa yakan fara raguwa, kuma kai da kake zura zare a allura wataƙila ka riga ka lura. Mutum ya zauna kan takarda minti goma, baƙaƙe su gauraye, kai ya ɗau ciwo, sai ya yanke cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe, alhali tabarau kawai yake buƙata. Masu shekarunka galibi lamba +1.00 zuwa +1.50 ke yi musu, amma a asibitin ido za a gwada ka, domin a can ne za a duba har da hawan jinin ido, wanda mai talla a kasuwa ba zai gano ba.

Sannan ka nemi ofishin hukumar ilimin manya ta jiharku, wadda aka fi sani da yaƙi da jahilci. A sakatariyar ƙaramar hukuma za a nuna maka jami'inta. Ta Kano tun 1980 aka kafa ta, zamanin gwamna Abubakar Rimi, ta tarayya kuma mai tsara manhaja a 1990. Karatun hawa-hawa ne. Matakin farko na koyon karatu da rubutu da ƙirga ne, daidai da ƙananan azuzuwan firamare, yawanci bai kai shekara ba. Na biyu yana kai mutum matsayin wanda ya gama aji shida. Daga nan sai ajin ci gaba, na darussan sakandare. Ka roƙi a gwada ka kafin a ba ka aji. In aka haɗa ka da waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba, za ka gundura ka gudu. In ka tsallaka sama saboda kunya, za a bar ka a baya. Kunyar ma ka ajiye ta, domin abokan zamanka magidanta ne irinka, da direbobi da 'yan kasuwa.

Kar ka yi rajista sai ka zauna a ajin sau biyu kana kallo. Malamin yana zuwa kan lokaci? Alawus ɗin malaman nan yakan makara, kuma shi ne ke rushe azuzuwa da yawa a tsakiyar zango. Ɗalibai suna rubutu a littattafansu ana dubawa, ko malam ne ke faɗa suna amsawa baki ɗaya? Ajin da ake amshi kawai, mutum zai shekara a ciki yana haddace allon bango bai iya karanta allon kanti ba. In sun haura talatin, ba za a duba rubutunka kullum ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya da kyau. Ka ƙarasa Hausa tukuna. Karatun allo ya riga ya koya maka abu mafi wuya, wato haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, kuma a rubutun Hausa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, da wasula biyar kacal. Wuraren da za ka yi tuntuɓe sanannu ne: b da d suna musanya a ido, ana mance lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, hannu yana son komawa dama saboda sabo da Larabci, sai kuma rabon kalmomi, inda ake haɗe "za ka" ko a raba "yana". Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya yakan yi sauti biyu ko uku, ga kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba. Wanda ya haɗa wahalar koyon karatu da ta koyon sabon harshe a lokaci guda, yawanci dukansu yake saki. Ma'auninka shi ne ka karanta shafi guda na Hausa a bayyane ba tare da tsayawa kan kalma fiye da uku ko huɗu ba, kuma ka iya faɗin abin da shafin ya ce. Ranar da ka kai nan, buɗe littafin Turanci.

Aji sau biyu ko uku a mako ba ya isa shi kaɗai. Ka ware minti talatin kullum, bayan asuba kafin ka buɗe shago, lokacin da ido bai gaji da keke ba. Minti goma karatu a bayyane, goma shifta, wato wani ya faɗa maka jimla biyar ka rubuta ya duba, goma lissafi. Shiftar nan kar ka bar ta ko da rana ɗaya, ita ce ke fito da kuskuren da karatu ke ɓoyewa.

Littafin aikinka kuwa, littafin awon shago ne. Ja layuka: suna, lambar waya, tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, kuɗin ɗinki, kafin alƙalami, saura, ranar karɓa. Duk wanda ya kawo yadi kai za ka rubuta, ko da za a ɗan jira ka. A lissafi ba na jin tsoronka, wanda ke yanka shadda yadi biyar ya san rabi da kwata. Matsalar tana wajen sifili da gurbin lamba: mutum ya ji dubu biyu da ɗari biyar ya rubuta 2000500 maimakon 2,500. Yi amfani da littafin lissafi mai gidaje, lamba ɗaya a gida ɗaya, har hannu ya saba.

Ka shirya wa azumi tun yanzu. Ɗinkin sallah ne ke cinye teloli, kamar yadda damina ke kwashe manoma daga aji, kuma sabon karatu in aka bar shi mako shida sai an koma baya sosai. A watan, rage zuwa minti goma, amma kar ka yanke.

Batun takarda, ka sa a ranka shekara biyar zuwa shida daga inda kake, in ka dage. Babu buƙatar sa yunifom. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, a farkonta da kuma wajen ƙarshenta, NECO da NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha, su ma suna yi a ƙarshen shekara. NABTEB ta fi dacewa da kai domin tana da fannonin sana'a, har da ɗinki. Abin da manyan makarantu ke nema shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci, galibi da Lissafi, kuma yawanci ana karɓar haɗin sakamakon zaman jarrabawa biyu, don haka faɗuwa a darasi ɗaya ba ta rushe sauran ba. Tun 2024 WAEC ta shigar da kwamfuta cikin jarrabawar masu zaman kansu, saboda haka ka koyi taɓa ta kafin lokacin. Masu cewa ka biya kuɗi a rubuta maka, ka guje su: ana riƙe sakamako ko a soke shi, kuma ko ya fito, kai da kake neman iyawa ba ka samu komai ba. Da kiredit ɗin a hannu, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ɗaukar ɗalibai ba tare da an zauna jarrabawar JAMB ba, kana shagonka kana karatu.

Abu ɗaya da za ka gyara tun wannan makon: duba katin NIN ɗinka, domin da shi ake rajistar jarrabawar. Yadda aka jera sunanka da ranar haihuwarka a can, haka za ka rubuta a fom ɗin ajin yaƙi da jahilci da duk takardar da za ta biyo baya, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ka yawon rantsuwa a kotu bayan sakamako ya fito.