Tambaya da Amsa: Shin daga 'yan fashi rigar birigandin ta samo sunanta?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata jar rigar yaƙi ta Turawan da, jikinta duk kawunan ƙusoshi, an ce sunanta birigandin. Wani abokina ya ce daga 'yan fashi ta samo sunan, domin a Ingilishi "brigand" ɗan fashi ne. Shin haka ne, kuma me ya bambanta ta da sulken da muke gani a hawan Sallah? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Malam, abokinka ya kama tushen kalmar daidai, amma ya sa na baya a gaba. Sunan ya fito ne daga harshen Italiya, inda "briga" ke nufin rigima ko faɗa, "brigante" kuma dakare ne mai yaƙi a ƙasa ba tare da kaya masu nauyi ba, saboda haka rigar da irin wannan soja ke sawa aka kira ta "brigantina". A lokacin da kalmar ta shiga Faransanci ma'anarta ke nan, ba ta da alaƙa da sata.

Yunwa da rashin albashi su ne suka ɓata wa dakarun suna. Yawancinsu sojojin haya ne, kuma da Ingila da Faransa suka yi sulhu a Bretigny a shekarar 1360, sai aka sallami dubbansu, ga makamai a hannu, ga shi ba su iya wata sana'a ba sai yaƙi. Suka haɗu ƙungiya-ƙungiya suna cin ƙauyuka, suna tare hanyoyi, suna karɓar kuɗin fansa daga garuruwan Faransa da Italiya, har talakan da ya ji an ce ga dakaru nan tafe ya san ɓarayi ne ke zuwa. Ta haka kalmar ta koma nufin ɗan fashi, ita kuwa rigar ta ci gaba da amsa sunanta na farko. A ganina rashin adalci ne a jingina ta ga ɓarayi, alhali sarakuna da manyan barade sun sa ta suna alfahari.

Game da bambancinta da sulke, namu sulken zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa cikin juna, yana tare kaifin takobi amma ba ya hana dukan kulki karya haƙarƙari, shi ya sa ake sa kaya masu kauri a ƙarƙashinsa. Birigandin kuwa ƙarfenta a ɓoye yake. Maƙeri yakan yanka ƙananan fallayen ƙarfe, wani lokaci ɗaruruwa, ya shafa musu ruwan kuza don kada gumi ya sa su tsatsa su cinye yadin, sannan a jera su ta cikin riga, kowane ya hau gefen ɗan'uwansa kamar yadda ake jera kwanon rufi. Ƙusa ce ke riƙe kowane falle da yadin, kuma kawunanta ne kake gani a hoton, sau da yawa uku-uku. Talakan soja yana samun tasa da yadi mai kauri ko fata, mai hali kuwa karammiski yake sawa, a kuma zuba wa ƙusoshin ruwan zinariya. Abin da ya sa maharba suka so ta shi ne tana lanƙwasa tare da jiki, mutum yana iya ɗaura ta da kansa idan ta gaba ake buɗe ta, kuma idan falle ɗaya ya lalace ana canza shi kaɗai.

Kakarta wata riga ce mai manyan fallaye, wadda ake gani a jikin mutum-mutumin Waliyyi Moris na cocin Magdeburg a Jamus, aikin tsakiyar ƙarni na 13. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Visby a tsibirin Gotland na ƙasar Siwidin, inda sojojin Sarkin Danmak Valdemar suka karkashe manoman tsibirin a watan Yuli na 1361. An binne da yawa daga cikinsu da kayan yaƙinsu a manyan ramuka, da aka tona a ƙarni na 20 kuwa aka sami riguna fiye da 20, wasu fallayensu kaɗan ne manya, wasu kuma ƙanana ne masu yawan gaske, abin da ke nuna yadda aikin ke tafiya zuwa ga birigandin ɗin ƙarni na 15.

Ba Turai kaɗai ta san wannan dabara ba, domin sojojin Sin da Koriya da Mongol sun yi riguna masu ƙarfe a ciki da ƙusoshi a waje. A Turai an yi ta amfani da ita har zuwa ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da harsashin bindiga ya fi ƙarfin siraran fallayenta, sojoji suka koma ga falle guda mai kauri da ke rufe ƙirji.