Kaji na mutuwa a hannuna, in ci bashi in ƙara jari?

Tambaya: Ina saro kajin gida a kasuwannin Miriya da Matamaye, in tara su a gida, in sayar a kasuwar Dole ta Damagaram. Tun shigowar damina suke zawo mai jini, suna ramewa, wasu na mutuwa. Masu gasa kaji kuma sun fara ƙorafin hantar tana da tabo. Ina so in ci bashi in ninka jari kafin salla, ko na maida asara.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma bashin nan a dakata da shi tukuna.

Mu ɗauka ka saro kaji 50, kowace jika 3 (sefa 3,000), kana cin ribar sefa 500 a kan kowace. Kaza ɗaya in ta mutu, ta tafi da ribar shida. Biyar suka mutu, jika 15 sun tafi daga jika 22 da rabi da sauran 45 za su kawo, ba a ma yi maganar dusa da kuɗin mota ba. In ka ninka kajin a wannan akurkin, cunkoso zai ƙaru, mutuwar ma haka, mai bashi kuwa ba ruwansa.

Abin da ka faɗa ya yi kama da cuta biyu a haɗe. Zawon jinin yawanci koksidiya ce, ƙwayar Eimeria da ke cinye bangon hanji. A kashin kaji take fita, kwana ɗaya zuwa biyu a ƙasa mai laima ta isa kama wata. Tabon hanta kuwa, in zagaye yake, tsakiyarsa ta ɗan lotsa, ana zargin Histomonas, wadda ke ɓuya cikin ƙwan tsutsar ciki, ƙwan kuma yana shekaru a ƙasa. Cutar ta fi kashe talo-talo, saboda haka kada ka haɗa su da kaji wuri ɗaya. Amprolium yana maganin ta farko, ba ya taɓa ta biyun, allurar rigakafin cutar Newcastle kuma ba ta tare ko ɗaya. Shi ya sa wasu ke ta zuba kuɗi wajen masu tallar magani a faranti, kaji na ci gaba da faɗuwa.

Ka kai wadda ta mutu yanzu-yanzu wurin likitan dabbobi ya buɗe cikinta kafin ka sayi komai. Ka tambaye shi kwana nawa za a jira bayan magani kafin a yanka.

Kai ɗan kasuwa ne, ba makiyayi ba. Kazar da ta yi mako biyu a gidanka ta ci ribarta. Rage sari zuwa abin da za ka sayar cikin kwana uku ko huɗu, kada ka zuba sababbi cikin tsofaffi, ka ɗaga kwanon ruwa daga ƙasa, a kwashe kashi kullum. In kasuwa uku ta wuce ba mutuwa, dawo mu yi lissafin bashin.