Amsa kan Thaddeus Stevens da kwalejin Gettysburg

Malam, ka tambaya ko akwai ɗan majalisar jiha da ya zauna a hukumar amintattun wata kwaleji kuma ya yi wa ilimi aikin a zo a gani, ba don neman suna ba. Misalin da zan kawo maka shi ne Thaddeus Stevens na Amurka.

An zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta jihar Pennsylvania a 1833. A shekarar da ta biyo baya ya tsaya kai da fata har jihar ta ba wa kwalejin garin Gettysburg tallafin dala 18,000, duk da cewa da yawa daga cikin manoman mazaɓarsa ba su so a taɓa kuɗin haraji don wannan ba. Daga 1834 ya zama ɗaya daga cikin amintattun kwalejin, kuma bai sauka ba har rasuwarsa a 1868.

Abin da ya fi burge ni shi ne jawabinsa na Afrilun 1835, lokacin da majalisar dattawan jihar ta riga ta amince a soke dokar makarantun kyauta. Stevens, wanda ya tashi cikin talauci da gurguwar ƙafa, kuma mahaifiyarsa ta sha wahala wajen karatunsa, ya miƙe ya kare haƙƙin ɗan talaka har wakilai suka juya ra'ayi, dokar ta tsira. Daga baya ya tafi majalisar tarayya, inda ya yi fice wajen yaƙi da bautar da bayi.