Janaretan na'urar tayar da mota na juyawa amma ba ya ba da wuta

Malam, ka ce janaretanka mai aiki da haidirolik ne, wato matsin mai ke juya shi, yana juyawa amma mita ba ta kaiwa bolt 24 balle ya tayar da tirela. Kar ka kwance kwayil, wato nadin wayar da ke cikinsa, tukuna, fara duba gudunsa, in man haidirolik ya ragu ko filta ta toshe juyin zai yi sanyi, wutar ma ta fadi.

Ni ma namu ya taba yi mana haka da sanyin safiya, man yayi kauri, da ya dumama sai wuta ta dawo. Amma in gudun daidai ne bude bayansa ka duba burushi, wato dan gawayin da ke daukar wuta daga bangaren da ke juyawa, wallahi sau da yawa za ka tarar ya cinye ya bar bakin gari kawai.