Muryar da na tura wa Yaya kan zagaya Tokyo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, barka da warhaka, ya iyali? Na saurari saƙonka. Ka ce wurin aikinku za su turo ku kwas Tokyo a tsakiyar watan Mayu, za ka samu ɗan sarari na 'yan kwanaki, kana tambayar ina ya kamata ka leƙa, sannan yaya za ka yi da abinci da sallah. Na ce bari in amsa a nan guruf, ƙila wani ma ya amfana. Muryar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

To Yaya, abin da nake so ka fara sawa a ranka shi ne, in tsofaffin gine-gine kake nema, waɗannan sai Kyoto ko Nara. Tokyo sau biyu tana ƙonewa ƙurmus. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta afka mata da tsakar rana, mata na kan girki, gidaje kuma na katako ne, wuta ta kama ko'ina, sama da mutum 100,000 suka rasu. Sai kuma daren 10 ga Maris 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka suka yi mata ruwan bama-bamai, nan ma wajen mutum 100,000 a dare guda. Shi ya sa kusan duk abin da idonka zai gani sake gina shi aka yi. Abin da ya daɗe a garin nan, wanda wuta ba ta ci ba, halin mutanensa ne da al'adunsu. Su nake so ka buɗe ido ka kalla, kada ka ƙare kwanakinka wajen gudu daga wannan hasumiya zuwa waccan kana ɗaukar hoto.

Ka fara da unguwar Asakusa. Nan ne Sensoji yake, wurin bautar mabiya addinin Buddha mafi daɗewa a garin, asalinsa tun ƙarni na 7. Amma ka ga babban ɗakin, shi ma ya ƙone a 1945, a 1958 aka sake tayar da shi. Ƙofar nan mai ƙatuwar jar fitila da ake yawan nunawa a hotuna, Kaminarimon, a 1960 aka maido ta, kuma Matsushita, mutumin da ya kafa kamfanin Panasonic, shi ya ba da kuɗin. Daga ƙofar zuwa ciki layin 'yan tireda ne, ana ce masa Nakamise, ana sayar da mafitai da kayan ƙwalama da tsaraba. Ka je da sassafe kafin jama'a su cika. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka ƙona turare, kai dai ka tsaya gefe ka yi kallonka cikin mutunci. Kuma ka taki sa'a, domin a ƙarshen mako na uku na watan Mayu ake bikin Sanja Matsuri a unguwar. Kowane layi za su fito da ƙaramin ɗakin bautarsu a kan kafaɗa, maza da mata da yara, kaya iri ɗaya, ana ganga ana sarewa. A nan za ka ga mutanen da ka saba gani shiru-shiru a jirgi sun zama wasu daban. Cunkoso ne sosai, ka kula.

Daga nan unguwar Ryogoku ba nisa, kuma wallahi in abu ɗaya tak za ka iya gani a tafiyar nan, ni sumo zan ce maka, wato kokawar gargajiya ta Japan. Sau uku ake babbar gasa a Tokyo a shekara, Janairu da Mayu da Satumba, kowacce kwana 15, a zauren da ake kira Kokugikan. Kai da ka taso kana kallon kokawa bayan kaka, za ka gane wasan nan da nan. Da'ira ce a kan dandamalin yumɓu, wanda ya fita daga cikinta, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. Ba ruwansu da awon nauyi, ƙarami na iya karawa da wanda ya ninka shi. Karawar kanta sau da yawa 'yan daƙiƙoƙi ce, amma shirin da ake yi kafin ta shi ne abin kallo. Su watsa gishiri a fili, su buga ƙafa, su tsuguna su zuba wa juna ido, su tashi su koma kusurwa, alƙalin wasa yana tsaye cikin tufafin da aka gada tun ɗaruruwan shekaru. Abin da ya fi burge ni, wanda ya yi nasara ba ya tsalle ba ya ihu. Zai rusuna wa wanda ya kayar, ya tsuguna ya karɓi kyautarsa, ya wuce. Tun safe ake farawa da ƙanana, manyan kuma sai wajen ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma.

Kafin ka shiga zauren, ka taka zuwa lambun Yokoamicho, yana kusa. A wurin ne dubban mutane suka fake ranar girgizar 1923, guguwar wuta ta rutsa da su, kimanin 38,000 suka mutu a fili ɗaya. Yanzu akwai zauren tunawa da su da waɗanda yaƙi ya ci. Baƙi ba su cika zuwa ba, amma ni ina ganin wanda ya tsaya a nan zai fi fahimtar garin.

Ranar Juma'a kuwa ka nufi masallacin Tokyo Camii, tashar Yoyogi-Uehara za ka sauka, 'yar tafiyar ƙafa ce. Musulmi Tatar da suka baro Rasha bayan juyin juya halin 1917 ne suka assasa shi, aka buɗe a 1938. Ginin ya tsufa aka rushe, Turkiyya ta sake gina shi, aka buɗe a 2000. Yana cika maƙil, har waje ake sahu, don haka ka je da wuri. Akwai kantin kayan halal a wurin. In an idar, tasha biyu ce zuwa Meiji Jingu, wurin bautar mabiya addinin Shinto. Daji ne a tsakiyar birni, za ka rantse tun fil'azal yake nan, alhali da hannu aka dasa shi wajen 1920, itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka kawo gudummawa daga ko'ina a ƙasar.

Su hasumiyar Skytree mai tsayin mita 634, da mahaɗar Shibuya inda mutane ke tsallakawa ta kowace fuska, ka leƙa in da lokaci. In ganin garin daga sama kawai kake so, ginin gwamnatin birni da ke Shinjuku kyauta ake hawa.

Yauwa, abinci. Nan ne sai ka yi taka-tsantsan. Taliyar nan ramen, yawanci da ƙashin alade ake dafa romonta ko da ba ka ga nama a kai ba. Sannan suna zuba giyar shinkafa, mirin ko sake, a miya da yawa. Ka nemi wuraren da suka liƙa shaidar halal, akwai su a Asakusa da Shinjuku, kuma kusa da tashar Shin-Okubo akwai layin da Musulmi ke da shaguna. A kanti ka haska rubutun jikin kaya da Google Translate kafin ka saya. Ka riƙe 'yar sallayarka a jaka. Filayen jirgin Narita da Haneda duk suna da ɗakin sallah, a cikin gari kuwa ba ko'ina ba.

Kana sauka ka yanki katin Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, da shi za ka shiga jirgin ƙasa da bas, har sayayya a kanti. A cikin jirgi ba a amsa waya, ba a ɗaga murya. Ba a ba da tukwici a gidan abinci, in ka bar canji sai su biyo ka da shi. Kwandon shara yana wuyar samu a titi, kowa da ledarsa yake komawa gida. Inda ka ga an jera takalma a bakin ƙofa, ka cire naka. Jirage kuma suna tsayawa wajen tsakar dare, tasi na da tsada, kada dare ya yi maka a nesa da masauki.

Tikitin sumo ne kawai abin gaggawa, yana ƙarewa da wuri. Ka turo min ranakun da ba ku da aji yau ko gobe in duba maka ta intanet. A gaida Anti da yara.