Tambaya da amsa: Shin ƙwaya ce ta ɗaukaka Led Zeppelin?

Tambaya: Malam, ƙanena makaɗin jita ne, shekararsa 22, ba shi da abin saurare sai Led Zeppelin, wata ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila. Kwanan nan na tsinci tiramol a aljihun wandonsa. Da na yi masa faɗa sai ya ce wai duk manyan makaɗan rok da ƙwaya suka yi suna, basira ba ta zuwa sai an yi caji. Mahaifiyarmu ba ta sani ba tukuna, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Da gaskiya a maganarsa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da ba ki yi shiru ba. Wannan magana kullum sai na ji ta a situdiyon da nake naɗar kiɗa, kuma ta ishe ni. Tun da ƙanenki ya kafa hujja da Led Zeppelin, bari mu tsaya a kansu.

Kafin a kafa ƙungiyar a Landan a 1968, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, Jimmy Page mai jita da John Paul Jones mai jitar bas, sun shafe shekaru suna kiɗan haya a faifan wasu mawaƙa. Aiki ne da ake shiga da agogo, in ka makara ko ka yi kuskure gobe a kira wani. John Bonham, makaɗin gangarsu, kuwa tun yana ɗan shekara biyar yake dukan gwangwanaye. Shi ya sa albam ɗinsu na farko, wanda ya fito a Janairun 1969, cikin awa 36 ko kusa da haka suka naɗe shi. Hannu ne da ya riga ya faɗa.

Sun yi shaye-shaye? Sun yi, ba mai musu. Amma a tambayi ƙanenki me ya biyo baya. A Afrilun 1977 sun tara mutum sama da 76,000 a Pontiac ta Amurka, to amma a lokacin jiki ya fara gaya musu. Da aka zo naɗar albam ɗinsu In Through the Out Door na 1979, Jones da mawaƙinsu Robert Plant ne suka ɗauki yawancin nauyin aikin, domin Page da Bonham maye ya sha kansu. A Yunin 1980 Bonham ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar wasa a Nuremberg ta Jamus. Ranar 25 ga Satumba aka tarar da gawarsa a gidan Page, ana shirin rangadin Amurka. Bincike ya nuna ya sha giyar bodka kimanin ƙananan kofuna 40, amai ya shaƙe shi cikin barci. Shekararsa 32, da mata da 'ya'ya biyu. A Disamba sauran ukun suka sanar ƙungiya ta watse.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu yaɗa wannan ƙarya ba su taɓa zama sun naɗi mai maye ba. Ni na zauna. Wani yaro ya zo mini da dare ido jajur, ya kaɗa, ya tashi yana rantsuwa bai taɓa kiɗa irin na ranar ba. Da safe na kunna masa. Ganga na gabas, jitarsa na yamma, yatsu sun yi nauyi a kan tsirkiya. Ya sunkuyar da kai, ya ce in goge. Ƙwaya kunne take toshewa har mutum ya daina jin kuskurensa, shi ne yake ɗauka basira ce ta sauko. Kuma mai kemis ɗin da ke miƙa wa yara tiramol ba takardar likita, ya san tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ya sani sarai, kuɗi ne ya rufe masa ido. Ya ji tsoron Allah.

Kada ki kai shi wurin masu ɗaure mutane da mari suna duka da sunan magani. Kada kuma ki tilasta masa yankewa rana ɗaya in ya daɗe yana sha, jiki na iya rikicewa. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa ya ga likita, ki samu lokacin da hankalin Mama ke kwance ki sanar da ita. Jitar kuwa kada a ƙwace masa, da ita za ki jawo shi.